Kuskuren Fofo Anicet

In ka je tsohon ofishinmu na binciken kifi a bakin tafkin Nokoué ka ambaci sunan Anicet Tognon, ko waɗanda aka ɗauka aiki bara, da ba su taɓa sa shi a ido ba, za su yi murmushi su ce, "Mutumin nan da ya manta alamar ɗebewa?" Abin da ya rage masa ke nan bayan shekara talatin yana goge kujera ɗaya da wandonsa. Duk ranar da na ji maganar nan sai in ji kamar in cire takalmi in kwaɗa wa mai faɗar. Ni Ablawa, da teburina ya yi shekara goma sha huɗu yana kallon nasa, na san bai manta komai ba. Ya sa na yi masa alkawarin rufe baki, na kuwa rufe har aka binne shi. Yanzu babu wanda maganar za ta cutar, don haka zan faɗa.

Fofo Anicet, wato Yaya Anicet a harshenmu, dogo ne siriri, mai kunnuwa a buɗe, wanda in yana tafiya sai ka ce an aike shi ya auna titin. Ɗan malamin coci ne daga wajen Abomey, inda ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne na randar uwarsa. Uban ya so ya zama fada, wato limamin coci, aka kai shi makarantarsu, ya yi shekara uku. Ranar wata Lahadi babban fada yana tsakiyar wa'azi, ya ce zuriyoyin da ya karanto goma sha huɗu ne, sai Anicet ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ce shi ya ƙirga, goma sha uku ne. Kafin Laraba an haɗa masa akwatinsa. Har ya tsufa bai gane laifin da ya yi ba, in an tuna masa sai ya ce, "To ai goma sha ukun ne."

Daga nan ya tafi Abidjan ya karanta ƙididdiga, ya dawo, gwamnati ta duba duk faɗin ƙasar nan ta rasa inda za ta ajiye shi sai ofishin kifi. Mutumin da ko cin kifi ba ya yi, wai ƙaya. Matarsa Tanti Philomène takan ƙulla masa akasa, tuwon masara mai tsami, da miyar kuɓewa a kwano, ya ci a teburinsa da ƙarfe ɗaya daidai, ya wanke hannu, ya koma kan lambobinsa.

Ba zan yi masa kwalliyar da ba shi da ita ba don ya mutu. Zama da shi babu daɗi. Za ka miƙa masa takardar da ka yi yini kana cikawa, ya ɗauki jan biro ya zagaye lamba ɗaya, ya miƙo maka ko kallonka bai yi ba. Sau nawa na zage shi a zuci, sau biyu kuma a fili. Amma abu ɗaya kowa ya sallama masa: Anicet ba ya kuskure. Ma'aikatu daga Cotonou sukan aiko masa da nasu lissafin ya duba musu. Ba shi da mota, ba shi da muƙami, gidan haya ya zauna har ƙarshe, waɗanda ya koya wa aiki sun zama shugabanninsa. Abin da ya mallaka a duniya ke nan, a ce in Anicet ya sa hannu, magana ta ƙare.

Aikin awon kifi kuwa mu biyu ne, ni da Papa Hounsa. A tafkin nan kifi ba ya isowa gaɓa a hannun wanda ya kama shi. Tun a kan ruwa matan masunta suke tare mazansu da nasu kwalekwalen, su kwashe, su ware manya da ƙanana, kowace ta nufi kasuwarta. In kana son sanin ainihin abin da taru ya fitar, sai ka shiga kwalekwale ka je har bakin akaja, wato shingen rassan da suke kafawa a ruwa don kifi ya taru, ka auna kafin matan nan su iso. Karfasa ashirin a rana, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya. Ni nake zuwa Litinin, Laraba da Juma'a, Papa Hounsa Talata da Alhamis. Mu kawo takardunmu, mai buga tafireta ta kwafe lambobin cikin babban kundi, babu sunan wanda ya auna, babu rana, sai lambobi a jere. Wannan kundi shi Anicet yake gani.

Papa Hounsa gajere ne mai tumbi da dariyar da ake ji daga bakin titi. 'Ya'ya tara, mata biyu, saura masa shekara ɗaya da rabi ya yi ritaya. Shi ya laƙaba wa Anicet "Profesa", ba kuma don girmamawa ba.

A shekara ta tamanin da huɗu, zamanin da kowa ya zama "kamarad" har maigadi, kifin da ke kundi ya haura dubu tara. Anicet ya zana su a babbar takarda, kowane tsawo da yawan kifinsa. Ya kira ni.

"Ablawa, zo ki ga. Me kika gani?"

"Tudu, Fofo."

"Tudu nawa?"

"Ɗaya mana. Sai dai ya karkace ta dama, kamar tsibin garin da akuya ta taka."

"Biyu ne," in ji shi. "Ɗaya ya hau kan ɗaya."

Abin da ya yi mini bayani, gwargwadon yadda kaina ya ɗauka, shi ne: in kifi iri ɗaya ne, tsawonsu yakan taru a tsakiya, ya sauka dama da hagu daidai wa daida. In tudu ya karkace haka, to iri biyu aka cakuɗa. Matsalar ita ce kifi ba ya zuwa da takardar haihuwa, ba za ka ɗaga ɗaya ka ce wannan na wane gida ne ba. Abu biyar ne a ɓoye: kashi nawa ne na irin farko, matsakaicin tsawon kowane iri, da yadda kowane iri ya bazu. Ya ce in ɓoyayyu biyar ne, to da bayyanannu biyar za a kamo su. Za a ɗauki tsawon kowane kifi a tara a raba, wannan ɗaya. A ninka kowane tsawo da kansa a tara, biyu. A ninka sau uku, sau huɗu, sau biyar. Lambobin nan biyar za a ɗaure su da ɓoyayyun da aljabara, a yi ta cire ɗaya a cusa cikin ɗaya har a rage lissafi guda mai hawa tara, mai amsa tara, cikinsu ɗaya ce ta gaskiya. Ya ce wani Bature ya taɓa yin haka da ƙaguwa tun kakanninmu suna yara.

Na ce, "Shi Baturen ba shi da aikin yi ne?"

Bai kula ni ba. Ya jawo injin lissafinsa, tsohon ƙarfe mai hannun da ake juyawa kamar injin markaɗe. Akwai na batir a ofis, amma ya ce bai yarda da abin da yake ba da amsa ba a ji motsinsa ba. Sati goma sha ɗaya muna shan ƙarar injin nan. Papa Hounsa in ya shigo sai ya ce, "Profesa, har yanzu markaɗen bai yi laushi ba? Ƙara ruwa." Shafi arba'in da bakwai ya cika da ƙananan rubutunsa, babu gogewa ko ɗaya.

Ranar da ya gama, ya miƙe tsaye ya gyara wuyan rigarsa, ya karanta mana kamar mai shelar haihuwa. Kashi sittin cikin ɗari na kifin, matsakaicinsu santimita goma sha huɗu, wato karfasar da kowa ya sani. Kashi arba'in kuma santimita ashirin da uku, kusan kansu ɗaya. Wani babban iri ne yake zaune a tafkin, a gaban hancinmu, babu littafin da ya san da shi.

Kamarad Darakta, wanda iyakar saninsa da kifi shi ne a soye da yaji, ya kusa tsalle. Ya rungume Anicet, ya ce wannan nasara ce ta juyin juya hali a kan jahilcin 'yan mulkin mallaka, waɗanda suka yi shekara sittin a bakin tafkin ba su ga abin da ɗan ƙasa ya gani da biro ba. Ya rubuta wa ma'aikata, ma'aikata ta rubuta waje, bayan wata biyu ga takardar gayyata: babban taro a Dakar, Anicet Tognon zai yi magana minti ashirin. Aka fara raɗe-raɗin in an tabbatar da irin, sunansa za a manna wa kifin.

Ban taɓa ganin mutum ya canja haka ba. Ya fara gaida mutane. Tanti Philomène ta kai shi wurin tela aka ɗinka masa kwat ruwan toka, ya kawo ta ofis a leda wai mu ga ɗinkin. Wata rana na kama shi yana gwada jawabinsa a gaban kabad ɗin kwalabe. Na yi masa dariya har da hawaye, amma na ji daɗi, don shekara goma sha tara ke nan yana jiran wani ya ce masa sannu.

Darakta ne ya ɓata komai, ba kuma da niyya ba. Ya ce ba za a je Dakar hannu rabbana ba, a samo manyan kifin nan guda goma a zuba a kwalba. Aka ce ni in samo.

Sati uku ina yawo a kan ruwa. Rana ta gasa ni, sauro ya ci rabonsa, na shiga akaja ta fi ashirin. Na samu guda biyu da suka kai ashirin da ɗaya, su ma tsofaffi ne masu ido ɗaya. Na dawo ofis da wari da fushi, na dire bokiti a gaban teburinsa.

"Fofo, kifinka ba ya nan."

"Ba ki nema da kyau ba."

"Kai ka nema da kyau, da ko ƙafarka ba ka taɓa jiƙawa ba? Ka ce biyu cikin kowane biyar. In haka ne, ai ko makaho ya jefa hannu sau biyar ya kamo biyu. Ni shekara biyu ina awo, ban tuna ranar da na rubuta ashirin da uku sau biyu a jere ba."

Ya ajiye jan bironsa. Ya ɗago ya tambaye ni:

"Kwana nawa kike zuwa a sati?"

"Ka fi ni sani. Uku."

"Cikin biyar," ya ce a hankali. Ya tashi ya nufi ɗakin ajiya.

Ya fito da kwalayen takardunmu na asali, waɗanda ɓeraye suka fara dubawa kafin shi. Muka zauna a ƙasa muna ware su, rubutuna gefe guda, na Papa Hounsa gefe guda. Ba mu kai rabi ba magana ta fito. Nawa goma sha uku, goma sha biyar, goma sha huɗu. Nasa ashirin da biyu, ashirin da huɗu, ashirin da uku, kullum, damina da rani.

Na ce, "Ƙirƙira yake yi, tsohon banza."

"A'a," in ji Anicet. "Wanda yake ƙirƙirar lamba daga kansa yakan so wasu ya ƙi wasu, zan gane shi a shafi ɗaya. Wannan awo ne na gaske. Akwai abin da yake aunawa."

Ranar Talata muka bi shi. Wannan ne karo na farko da na ga Anicet a bakin ruwa, da takalminsa mai sheƙi, yana tsallake kashin alade. Wani mai gyaran taru ya nuna mana rumfar Maman Sika mai sayar da sodabi, barasar da ake dafawa daga bammi, ya ce in Papa Hounsa muke nema nan ne ofishinsa. Ya ƙara da cewa kowa a nan ya san ba ya shiga ruwa. Ubansa a tafkin ya nutse, wansa ma haka, bokono, wato boka, ya duba masa tun yana saurayi ya ce ruwa yana jiran na uku. Kawunsa ne ya sama masa aikin, da can a ɗakin ajiya yake, sai da aka mayar da shi awo shekara biyu da suka wuce.

Muka laɓe a bayan zanar rumfar. Ga Papa Hounsa zaune a benci, takarda a cinya, rula a hannu, gilashi a kan hanci, ga masunta sun dawo da kwalekwale babu ko ɓawon kifi, sun jeru kowa da ɗan kofinsa.

"Zannou, matso," in ji Papa Hounsa. "Yau fa?"

"Yau sai godiya. Na farkon da na ɗago, kai, sai da kwalekwale ya girgiza." Zannou ya miƙe hannun hagu, ya sara da na dama can bayan wuyan hannu.

Papa Hounsa ya aza rula daga kan yatsa zuwa inda aka sara. "Tsaya cak. Ashirin da huɗu."

"Ashirin da huɗu kawai? Papa, idonka ya fara tafiya. Sake dubawa."

"Na gan ka, ka matsar da hannu. Mayar da shi inda yake. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba na rubuta ƙarya."

Wani daga baya ya ce, "Zannou, kifin da matarka ta ɗauka da yatsa biyu?" Aka fashe da dariya, Zannou ya rantse da kabarin uwarsa, aka zuba masa wani kofin, na gaba ya miƙo nasa hannun.

Na juya in ga fuskar Anicet, sai na ga wayam. Can na hango shi zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake yi. Da na matsa sai na tarar dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, har yana riƙe ciki. Duk shekarun nan ban san yana da wushirya ba.

"Ablawa, kin san abin da na yi? Ban tashi daga kujerata ba, da lambobi biyar kawai, na gano Talata da Alhamis. Arba'in cikin ɗari, ko ɗigo bai kauce ba. Na auna ƙaryar masuntan Nokoué. Santimita tara ce."

"To ai shi ke nan," na ce. "Ka tafi Dakar da wannan. Wa ya taɓa kamo ƙarya da aljabara? Na rantse wannan ya fi kifin daɗin ji."

"Ya fi," in ji shi. Dariyar ta ɗauke. "In kuma aka tambaya wa ya riƙe rular fa?"

Ba sai ya ƙarasa ba. A watan da ya wuce Darakta ya tara mu ya ce duk wanda ya cusa lambar bogi a takardar gwamnati maƙiyin juyin juya hali ne, kuma a zamanin nan wannan kalma ba a kora kawai take tsayawa ba. Ga ma'aikata an riga an yi mata albishir, ga takarda ta fita waje. Sai an samu wanda za a rataya wa.

Ni dai raina a ɓace yake. Na ce, "Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Shi ya ja, shi zai sha. Mutumin da kullum yake maka ba'a? Ni fa nake shiga ruwa kwana uku a sati, ni ba ni da rai ne?"

"Ni na rubuta jadawalin nan," ya ce. "Ni na sa sunansa a Talata da Alhamis don layin ya cika, ban tambaye shi ko ya iya ruwa ba. Shekara biyu ina lissafin kifi, ban taɓa zuwa na ga ɗaya ba sai yau, yau ɗin ma ban gani ba."

"To ka ce an nema ba a samu ba, a bar kaza cikin gashinta."

"In lissafin daidai ne kuma babu kifi, me mai hankali zai duba?"

"Takardun awo."

"In kuma lissafin ne ba daidai ba?"

Sai a lokacin na gane inda ya dosa. Na zage shi. Na ce masa wawa, na ce masa fadan da bai ƙarasa ba, na ce Tanti Philomène ta sayar da turmi biyu na atamfa kafin a ɗinka kwat ɗin nan. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in ba shi hannuna in yi alkawari. Na ba shi, ina jin kamar in karya nasa.

Na ce masa ya ɗauki reza ya kankare alama ɗaya a ko'ina, tunda duk ƙasar nan babu mai iya bin shafi arba'in da bakwai ɗin. Ya dube ni kamar na ce ya yi fitsari a coci. Ya ce in za a yi kuskure, a yi shi daidai. Kwana uku ya yi yana ƙera shi. Ya sake rubuta shafi na talatin yadda lambar ƙarshe za ta fito da alamar ɗebewa, ya bar na talatin da ɗaya yadda yake, babu ita, don duk wanda ya bi sawu ya ga a nan aka yi tuntuɓe, ya kuma ga in an mayar da alamar babu ko ɗaya cikin amsoshin tara da za ta yi ma'ana. Ina kallonsa daga teburina. Sau huɗu yana yaga takardar, don hannunsa da kansa yake gyara abin ya koma gaskiya. Kwanon akasarsa haka ya koma gida a rufe kwana ukun nan.

Ranar Juma'a, saura kwana tara tafiya, Darakta ya tara mu don a ji jawabin Dakar. An jera kujeru, an sayo lemo. Anicet ya miƙe, ba da kwat ba, da tsohuwar rigarsa.

"Kamarad Darakta, babu wani sabon kifi. Kuskure na yi."

Darakta ya ajiye kwalbar lemonsa.

"Kai?" in ji Darakta.

"Ni. Shafi na talatin da ɗaya, layi na shida. Na manta alamar ɗebewa."

Ya buɗe shafin ya aza yatsa. Darakta ya sunkuya ya ƙura wa wurin ido, ya gyaɗa kai kamar ya fahimci wani abu, sannan ya fara. Minti arba'in yana yi. Ya ce an kunyata ofis, an kunyata ma'aikata, an kunyata ƙasa a idon Senegal. Ya ce ɗan aji uku na firamare ya san bambancin tarawa da ɗebewa. Ya ce ashe duk shekarun nan kifin rijiya muke bauta wa. Waɗanda jan biro ya taɓa ci, wato kowa, suna sunkuyar da kai suna cizon leɓe don daɗi. Anicet yana tsaye, hannuwa a baya, kunnuwan nan sun yi ja.

Da Darakta ya gaji, Anicet ya ce yana da roƙo ɗaya. Tunda ya tabbata idonsa ya fara gajiya, a ba shi mutum mai shekaru da natsuwa ya zauna kusa da shi ya riƙa duba masa aiki. Ya ce Papa Hounsa ya dace. Darakta ya ga wannan horo ne mai kyau, ya amince nan take. Haka aka cire Papa Hounsa daga awo, aka ɗora mini Talata da Alhamis a kan nawa, kwana biyar cur a kan ruwa, wai ni ce na ci riba. Lambobin kwanakin nan biyu kuma Anicet ya tsame su daga kundi a hankali, ba wanda ya lura.

Takardun Cotonou suka daina zuwa. Ba a sake aiko masa da lissafin kowa ya duba ba har ya yi ritaya. Kwat ɗin sau ɗaya na ga an sa masa ita, a cikin akwatin gawa.

Ranar Litinin da ta biyo bayan taron, na shigo da safe in ɗauki allon awo, na tarar an jawo wa Papa Hounsa kujera gefen teburin. Ya zauna ya baje, ya goge gilashinsa, ya ɗauki jan biron Anicet yana juya shi a hannu. Bai san komai ba, har ya mutu kuma bai sani ba. Ya dafa kafaɗar Anicet da tausayi na gaske, wanda ya fi ba'ar ciwo.

"Profesa, kada ka sa abin a ranka. Kowa yana kuskure. Amma bari in ba ka shawara irin ta babba: aikin gwamnati ba a yi masa gaggawa. Ni shekara ashirin da takwas, ba a taɓa dawo mini da takarda ba. Ka riƙa duba aikinka sau biyu."

Allon yana hannuna, katako ne mai nauyi, kan Papa Hounsa kuma babu gashi. Anicet ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan.

"Na gode, Papa," ya ce. "Zan kula."

Na fita na shiga kwalekwale. Mai tuƙa ni ya tambaya ko wani ne ya rasu, na ce masa ya ja bakinsa ya yi tuƙi.